WA ZAI RIƘE MAI RAUNIN HANKALI BAYAN IYAYENSA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba hankali tsakanin bayinSa kamar yadda Ya raba arziki, kuma zai tambayi kowa gwargwadon abin da Ya ba shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, da wuya a sami gari ko ƙauye a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, tun daga Ɗandume da Sabuwa har Bakori da Ɗanja da Ƙafur, wanda babu mutum ɗaya ko biyu da suka girma a jiki amma hankalinsu ya tsaya a na yara. Wani ya kai shekara arba'in bai san lissafin kuɗi ba, wata ta isa aure tuntuni amma sai an yi mata wanka. Muddin uwa da uba suna raye ba a cika ganin wahalarsu ba, gama uwa ba ta gajiya da ɗanta. Amma akwai tambayar da ke hana irin waɗannan iyaye barci, watau wa zai riƙe shi ranar da suka kau? Shari'a ta amsa wannan tambaya dalla-dalla, sai dai jama'a da yawa ba su san amsar ba.

Da farko ya kamata a san wanda ake nufi. Malaman fiƙihu sun bambanta majnuni, wanda hankalinsa ya gushe, da ma'atuhi, wanda fahimtarsa ta yi ƙaranci, zancensa da dabararsa suka zama irin na yaro, da kuma safihi, wanda bai iya tattalin dukiya ba. Zancen yau a kan wanda ya tashi da wannan rauni ne tun yana ƙarami, ya balaga da shi. Likitoci sun san sababinsa da dama: doguwar naƙuda wadda ke hana jariri numfashi, shawara mai tsanani a kwanakin haihuwa, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ƙyanda, da ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki, wanda saboda shi ne gwamnati ta wajabta sa shi cikin gishiri a 1993. Akwai kuma galahanga irin wadda ake haihuwar yaro da ita, wadda masana a Faransa suka gano a 1959 cewa ƙari ne a cikin ƙwayoyin halitta. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa, kuma yaran da suka tsira daga gare ta da taɓuwar ƙwaƙwalwa yanzu magidanta ne a shekaru. Saboda haka cewa wai aljanu ne suka musanya yaro, ko ɗan ruwa ne, ko alhakin wani ne ya kama uwarsa, duk zance ne wanda ba shi da tushe a Littafi ko Sunna. Jarrabawa ce daga Allah, kuma rabin jarrabawar a kan masu cikakken hankali take.

MATSAYINSA A SHARI'A

Ya tabbata a hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, watau mai barci, da yaro, da wanda ba shi da hankali, kuma a wata ruwaya an ambaci ma'atuhi da sunansa. Ma'ana, ba a rubuta masa zunubi a kan abin da bai fahimta ba. To, a nan ne mutane ke kuskure. Abin da aka ɗauke shi ne wajibin da ke kansa, amma hakkin da yake da shi a kan mutane yana nan daram. Jininsa da mutuncinsa da dukiyarsa haramun ne kamar na kowane Musulmi. Yana cin gado cikakke, ba a rage masa ko da kunya ɗaya ta gona. In ya rasu a yi masa wanka da salla kamar yadda za a yi wa limamin gari.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, cewa wata mace mai ɗan rauni a hankalinta ta tare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana da bukata gare shi. Ya kira ta da alkunyarta, ya bar ta ta zaɓi titin da take so a Madina, ya tsaya da ita har ta gama bukatarta. Wanda ke ɗauke da al'amuran al'umma duka ya sami lokacin sauraron wannan baiwar Allah. Ina hujjar maigidan da ke kore ƙanensa daga zaure da zarar baƙi sun yi sallama?

A kan ciyarwa, Shehu Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa uba yana ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, da sharaɗin ba shi da naƙasar da za ta hana shi nema. In ya balaga da ita, ciyarwa da tufatarwa ba su faɗi daga kan uba ba, ko da ɗan ya yi furfura. 'Ya mace kuwa tana wuyan uba har ta tare a gidan miji. Amma littafin ya ƙara da wani hukunci da ya kamata kowane uba ya yi tunani a kansa: a Mazhabar Maliki alƙali ba ya tilasta wa ɗan'uwa ko kawu ko baffa ciyar da danginsa. Zumunci ya hau kansu, kuma yanke shi babban zunubi ne, amma ba bashi ba ne da za a karɓa a kotu. Ke nan ranar da uba ya rasu, abin dogaron mai raunin hankali shi ne dukiyarsa in yana da ita, sa'an nan tausayin dangi, sa'an nan jama'ar Musulmi da baitulmali.

GONARSA TASA CE

A wannan yanki dukiya ita ce gona. Abin da aka saba gani shi ne, bayan sadakar arba'in a zo rabon gado, sai babban wa ya ce kason wane a bar shi a hannunsa, tun da ba abin da ya sani. Shekara ta farko a ba shi buhu biyu, ta biyu a ba shi ɗaya, ta biyar an manta akwai kasonsa a gonar. Wani lokaci ma a jinginar da ita ko a sayar, a dangwala masa yatsa a takarda.

Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta hana a danƙa wa masu raunin dabara dukiya su lalatar, amma a cikin ayar ce aka yi umurni a ciyar da su, a tufatar da su, a kuma yi musu magana mai kyau. Malaman tafsiri sun lura da wani abu a lafazin ayar. An zo da harafin “fi”, mai ma'anar “a cikin”, ba a zo da “min”, mai ma'anar “daga”, ba. Suka ce hikimar ita ce a juya dukiyar, a ciyar da shi daga ribarta, kada a riƙa gutsurar uwar kuɗin har ta ƙare. A harshen manomi, a noma masa gonar ko a ba da ita haya, ya ci amfaninta, gonar kuwa ta zauna tasa. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara kuma, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta ce in wanda hakki ke kansa mai rauni ne, waliyyinsa ne zai yi shibta a madadinsa da adalci. Ashe rubuta harkar dukiyarsa a gaban shaidu koyarwar Alƙur'ani ce.

Wane ne waliyyin dukiyar? Shehu Halilu ya jera su a babin hajaru na Mukhtasar: uba, sa'an nan wasiyyin da uba ya naɗa, sa'an nan alƙali ko wanda alƙali ya wakilta. Wa da baffa da kaka ba su da wannan iko don kusancinsu kawai, sai abu kaɗan da al'ada ta yi rangwame a kansa. Saboda haka wan da ya sayar da gonar ƙanensa ba da naɗin uba ko izinin alƙali ba, ya sayar da abin da ba nasa ba. Kotunan Shari'a suna nan a Funtuwa da Malumfashi da sauran ƙananan hukumomi, kuma kowane dangi ko maƙwabci ko mai unguwa yana iya kai maganar gabansu.

Daga nan nasiha ta farko ga iyaye ta fito fili. Uba ya naɗa wasiyyi tun yana da lafiya, a rubuce, a gaban shaidu adilai, ya ajiye kwafi wurin liman ko dagaci. Sharaɗin wasiyyi ya zama Musulmi, baligi mai hankali, adali, mai iya aikin. Ba dole sai babban ɗa ba, kuma malamai sun halatta a naɗa mace, ko uwar ce ko yayarsa, in ita ta fi amana. Ta biyu, a sani babu wasiyyar dukiya ga magaji sai da yardar sauran magada. Uban da ke son ya ware wa ɗansa mai rauni wani abu na musamman, hanyarsa ita ce kyauta ko hubusi a lokacin lafiyarsa, ya kafa shaidu, ya riƙe masa da sunansa. Risala ta karhanta mutum ya kyautar da dukiyarsa duka ga wani daga 'ya'yansa, amma ta halatta wani sashe. In ya jinkirta sai ciwon ajali ya kwantar da shi, to, lokaci ya ƙure. Shi kuma wasiyyi ya tuna da aya ta 6 ta Nisa'i a kan masu riƙon dukiyar marayu: mawadaci ya kame, matalauci ya ci gwargwadon wahalarsa. Ya riƙa rubuta abin da gona ta bayar da abin da aka kashe, kuma ya fitar da zakkarta in ta kai nisabi, gama a Mazhabar Maliki zakka tana hawa dukiyar yaro da ta marar hankali.

GUMINSA DA LADANSA

Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah suna iya aiki in an koya musu da haƙuri. Suna ɓarar masara, suna tsinkar auduga, suna kiwon awaki, suna ɗaukar kaya a kasuwar hatsi ta Ɗandume da tashoshin mota. Aiki yana ba su lafiya da ƙima a idon jama'a. Abin takaici shi ne wanda zai sa irin wannan mutum aikin wuni guda, ya biya sauran 'yan ƙodago kuɗinsu cif, shi kuwa ya sallame shi da ɗumame don ya san ba zai ƙirga ba. Wannan zalunci ne ninki biyu.

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani sahabi da ake yawan cuta a ciniki. Masu sharhi sun ce Habbanu ɗan Munƙizu ne, ko kuwa ubansa, kuma rauni ne a kai ya taɓa harshensa da tunaninsa. A ruwayar ma'abota Sunan, danginsa sun nemi a hana shi ciniki, shi kuma ya ce ba ya iya haƙuri da kasuwa. Sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya masa ya riƙa shardanta rashin yaudara a duk cinikin da zai ƙulla. Aka bar shi cikin mutane, aka kuma yi masa katanga daga macuta. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan dako suna iya yin irin wannan a yau: a san masu rauni da ke aiki a kasuwa, a yanke ladansu daidai da na kowa, a kuma riƙa biya a gaban wani amintacce.

WANDA BA SHI DA KOMAI

Saura wanda uba bai bar masa gona ba, dangi kuma suka gaza ko suka ƙi. Malamai sun haɗu a kan cewa ciyar da mayunwaci da suturta matsiraici farilla ce ta kifaya. In wasu suka yi, an ɗauke wa saura. In aka rasa mai yi, duk wanda ya sani kuma yana da iko ya yi laifi. Ɗabari ya ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sa wa kowane gurgu mai hidima, kowane makaho ɗan jagora. A ƙasar Hausa ma tun da can akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda ke magana da yawun jama'arsu a fada, kuma yanzu suna da ƙungiyoyi. Masu raunin hankali su ne ba su da sarki, ba su iya kafa ƙungiya, ba su iya rubuta koke. In masu hankali ba su yi magana dominsu ba, ba wanda zai yi.

Allah kuwa Ya hore wa wannan yanki abin yi. Ƙasar da aka kafa wa babban shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 har yau tana cikin rumbunan masara da dawa na Arewa. Nisabin hatsi wusƙi 5 ne, watau sa'i 300, ko mudun Annabi 1,200. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, na ban ruwa da wahala ɗaya bisa ashirin. Manomin da ya sami buhu 100 na damina, buhu 10 ba nasa ba ne. Malikiyya kuma sun ce a raba zakka a inda ta wajaba, kada a ɗauke ta zuwa nesa sai in can an fi bukata. Ke nan zakkar masarar Bakori matalautan Bakori ne farkon masu hakki a cikinta, kuma babu fakirin da ya kai wanda ba ya iya nema, ba ya ma iya roƙo. Sau da yawa zakka tana ƙarewa a hannun masu baki da masu zuwa gaisuwa, na cikin ɗaki bai samu ba.

Gyaran wannan ba ya bukatar kuɗin ƙasashen waje. Kowane masallacin Juma'a ya sa mutum uku ko huɗu amintattu, tare da mai unguwa da wata dattijuwa da za ta iya shiga gidaje, su rubuta sunayen masu wannan lalura da wanda ke riƙe da kowannensu. Da kaka a ware musu kaso, a danƙa wa waliyyi ko mai riƙo, a riƙa leƙawa ana ganin yadda ake ciyar da su. Mai hali ya yi wakafin gona ɗaya dominsu, matasan gari su nome ta da gayya, wannan sadaka ce mai gudana. A kuma miƙa sunayen ga Hukumar Zakka da Wakafi ta Jihar Katsina da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Kada a manta da mai riƙon kanta. Tsohuwar da ta shekara talatin ba ta je biki ko ta'aziyya ba don ba mai zama da ɗanta, maƙwabciyar da ta karɓe ta na wuni guda ta yi ibada babba. Haka nan a garuruwan da 'yan bindiga suka addaba, kamar yankunan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ya kamata kowane gida ya san tun da wuri wa zai kama hannun mai rauni in gudu ya kama, gama shi bai san inda zai nufa ba.

MARI DA IZGILI

Wasu iyalai, don gajiya ko kunya, sukan ɗaure nasu a turke ko su kai shi gidan mari. A watannin Satumba da Oktoba na 2019 'yan sanda sun buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura da birnin Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa da sarƙa a ƙafa. Duka da mari ba sa ƙara wa ma'atuhi fahimta, kuma wanda Allah Ya ɗauke wa alƙalami ba bawan da ke da ikon yi masa azaba. In yana da farfaɗiya ko yawan fusata, akwai magani a manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi, kuma neman magani Sunna ne. Tun 1954 Dokta Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta, cewa masu ciwon ƙwaƙwalwa sun fi samun sauƙi in suna zaune cikin gidajen ƙauye tare da wani nasu, suna karɓar magani. Dokar ƙasa ma ta zo daidai da wannan. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu a Janairun 2019, wadda ta hana a yi bara da su, sa'an nan a Janairun 2023 ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Mace mai wannan rauni ta fi kowa bukatar tsaro. Akwai fasiƙan da ke farautar irinta don sun san ba za ta iya ba da labari ba, har da masu bin zancen bokaye wai hakan na kawo arziki. Ita ba ta da laifi ko kaɗan, zunubin duka yana kan wanda ya cuce ta, kuma rufa masa asiri don dangantaka taimako ne a kan zalunci. Batun aurar da mai rauni kuwa, namiji ko mace, Shari'a ta rataya shi ga maslaharsa shi kansa, da bayyana gaskiyar halinsa ga ɗaya ɓangaren. Ba a aurar da ita don a rabu da nauyinta.

Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabobi, ta kuma faɗakar cewa mai yiwuwa wanda ake yi wa dariya ya fi mai dariyar a wurin Allah. Yaran da ke bin mai rauni da waƙa da jifa daga manya suka koya, waɗanda ke zaune a majalisa suna tsokanarsa don nishaɗi. Malaman allo da na Islamiyya su hori ɗalibansu a kan wannan. A kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, a yi masa sallama, a ba shi wuri a sahu in yana iya kiyaye tsarki, a koya masa Fatiha ko da zai shekara yana maimaitawa.

Daga ƙarshe, Buhari ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi, ya taɓa ganin yana da fifiko a kan waɗanda ba su kai shi ba, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da shi cewa saboda raunana ne ake ba al'umma nasara da arziki. Manomin da ya cika rumbu bana ya san takin da ya zuba da kwanakin da ya yi yana noma, amma bai san albarkacin wa aka saukar da ruwan ba. Ya duba cikin gidansa da unguwarsa kafin ya ɗaure bakin buhu.

Allah Ya ba iyayen waɗannan bayi haƙuri da lada, Ya ba masu riƙonsu ikon tsare amana, Ya sa jama'a su sauke nauyin da ke kansu tun kafin ranar tambaya. Allah Shi ne Mafi sani.